Kart Son Uku Kafin Bikin Ɗiyar Kawu

Daminar waccan shekarar ba ta yi abin kirki ba, kuma sanyi bai gama wucewa ba muka ji a rediyo cewa sojoji sun karɓi mulki a Yamai. Manya ba su da zance sai na tsadar hatsi da na wanda zai hau kujera. Ni kuwa, in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi cin raina a waɗannan watanni wata ƴar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, ana ce mata kart son. Har yanzu in na tuna nakan ji kunya kaɗan, amma haka abin ya kasance.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani ɗan buro kusa da babbar kasuwar Agadez. Mai neman aiki ya zo da wasiƙarsa, mai haya ya zo da yarjejeniyarsa, in buga in fitar musu. Aikin ya riga ya ja baya tun da baƙin Turai suka daina zuwa. Babanmu maƙerin azurfa ne, shi ma sai ya wuni a rumfarsa bai sayar da ko zobe ɗaya ba. Yayana ne ke riƙe da rabin gidan, da yake direban kamiyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Libiya. Shi ya kawo mini wani tsohon ordinater na hannu, harufansa na Larabci, kusurwarsa ɗaya a fashe an liƙe da sikoc. Ya ce in riƙa ƙarasa aikin buro a gida. Ban taɓa buga takarda ko ɗaya da shi ba.

Abin da ya sa mini tunanin zama diji wani biki ne da muka je a unguwarmu. A da, gidan da ya isa masu gita yake kira, amma a wannan shekarar wa zai iya ɗaukar nauyin mutum shida da kayansu? Sai aka koma kiran masu ordinater. Wanda aka kira ran nan namiji ne, don haka aka zaunar da shi a zaure, aka jawo bafal ɗaya, wato lasifika, zuwa tsakar gida inda mata suke. Ba ya ganinmu, ba ma ganinsa. Mata sun tashi rawa sai ya canza waƙa, sun zauna cin abinci sai ya saki wadda ta fi kowace zafi. Goggona, ƙanwar babanmu, mace ce mai murya, ta wuni tana kwarara masa kira ta saman katanga. Da muka fito ta kama hannuna ta ce:

"Ke da kike wuni kina danna injin nan, mi zai hana ki koyi wannan? Ke mace ce, a tsakiyarmu za ki zauna."

Da wasa ta faɗa. Ni ce ban ɗauke shi wasa ba.

A siber, shagon intanet, aka sa mini shirin da ake aikin da shi. Yana nuna faifai biyu a fuskar ordinater, ɗaya hagu ɗaya dama, mutum yana sakin waƙa a wannan yana shirya ta gaba a wancan. Sati biyu na yi ina koyo in na taso daga aiki. Na iya gane bugun waƙa, na iya daidaita biyu su tafi tare. Sai na ci karo da abin da ba wanda ya gaya mini. Ordinater ɗina kafar sauti ɗaya gare shi, diji kuwa biyu yake bukata. Ɗaya ta kai waƙar da ake rawa da ita zuwa bafal, ɗaya ta kawo masa ta gaba a kask, abin nan da ake kifawa a kunne, ya saurara shi kaɗai kafin ya sake ta. In ba haka ba, duk kuskuren da ya yi tare da jama'a za su ji shi. Mai siber ya ce maganin abin kart son ce, ana soka ta a kafar da ake sa kile, ɗan abin nan na kwasar waƙoƙi da takardu, sai ta ƙara wa ordinater kafofin sauti. Ya nuna mini hotuna a intanet, wasu da fitilu da maɓallai birjik. Da ya juya mini kuɗinsu zuwa sefa sai na miƙe na ba shi kujerarsa.

Na fara da kasuwa. Akwai wani mai butik na kayan wuta da telefon, wanda duk abin da aka ɗaga a butik ɗinsa sai ya ce orijinal ne. Na ce masa kart son nake so. Ya dube ni, ya leƙa bayana ko zai ga namijin da muke tare.

"Ta maigida ce, Madam?"

"Tawa ce."

"To, to. Ga ta nan, orijinal, daga Dubai."

Abin da ya miƙo mini bai fi babban yatsa ba, da kafofi biyu, ɗaya koriya ɗaya ruwan hoda. Na tambaye shi ko duka biyun sauti suke fitarwa. Ya ce ƙwarai. Na ce zan iya sa kask a ɗaya, bafal a ɗaya? Ya ce har telebijin ma zan iya sawa. Araha gare ta sosai, kuma arahar ce ta rufe mini ido.

A gida na gane ruwan hodar ta mikoro ce, ba ta fitar da komai. Na ce ba laifi, bafal ya bi ta sabuwar kafa, kask ya bi ta tsohuwar ta jikin ordinater. Na ari ƙaramin bafal na maƙwabta da wani tsohon kask na gwada. Sauti ya fito, amma da wani shuuu a ƙarƙashinsa kamar ana suya a ɗaki na gaba. Ban da wannan, abin da nake ji a kunne da abin da ke fita a bafal ba sa tafiya tare, ɗaya na gaba ɗaya na biye da ɗan jinkiri. Sai in daidaita waƙa tsaf a kask, ta fito waje tana ɗingishi. Kwana huɗu ta yi. Ran na biyar ta yi zafi har na kasa taɓa ta, daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba.

Na mayar masa. Ya jujjuya ta, ya hura mata iska, ya ce wutar gidanmu ce ta ƙone ta. Na ce ai ba a bango ake sa ta ba, a ordinater ake sa ta. Ya ce to ordinater ɗin ne ba orijinal ba. Ya ɗauko wata irinta sak, sai dai baƙa, ya ce wannan ta fi waccan, ta Jamus ce. Na fita ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

Sai na koma kan yayana. Yana shirin tafiya, na zaunar da shi na rubuta masa da Faransanci, da manyan harufa: kart son ta waje, mai shiga kafar kile, mai fita huɗu, biyu na bafal biyu na kask. Har hotonta na zana masa. Na ce ko tsohuwa ce ba komai in dai tana aiki. Ya ninke takardar ya cusa a aljihun gaba ya ce:

"Ke dai kin cika surutu. Ni da na sayo injin gaba ɗaya, ɗan abin jikinsa ne zai gagare ni?"

Sati biyar na jira. A cikin wannan jiran gidanmu ya cika. Kawuna, yayan innarmu, ya sauko daga Timia da iyalinsa. Rijiyar garkarsa ta ja ƙasa har an ƙara igiya sau biyu, itatuwan lemu da na rumman suna zubar da ƴaƴa tun ba su nuna ba. Ya zo da awaki ukun da suka rage masa, aka ɗaure su bayan madafa ana ba su dusa kaɗan da yagaggen kartan. Ɗiyarsa ta fari sa'ata ce, ungozoma a likitar wani ƙauye, kuma tun kafin farin aka sa ranar aurenta da wani malamin lekol. Kawu ya ce ba za a ɗaga ba, za a yi shi daidai ƙarfi, a gidanmu. Goggo kuwa, ba tare da ta shawarce ni ba, ta bi gida gida tana sanarwa cewa kiɗa ba matsala ba ne, akwai diji a gida.

Yayana ya dawo da rana tsaka, ya ajiye mini wani ƙunshi a cinya kafin ma ya sha ruwa. Na kwance tsumma, na kwance jarida. Wani koren allo ne tsirara, da ƴan ƙarafa a jikinsa da haƙora ruwan zinariya a gefe ɗaya. Kart son ce, ba ƙarya. Amma irin wadda ake buɗe cikin babban ordinater na buro a dasa ce. Nawa ko da guduma ba za ta shiga ba.

"Yaya, ina takardar da na ba ka?"

"Zufa ta goge ta. Amma na ce wa mutumin kart son, ya ce wannan ta fi duk masu akwatin nan. Fita shida gare ta, ke huɗu kika ce."

"Ba ta shiga nawa."

"Ki sa a shigar da ita mana."

Sai ya ba ni labarin abin da ya sha a kanta. A bariyer ɗin Segedin, inda ake tare motoci a yi bincike, sojoji suka sa aka sauke kaya, ɗayansu ya ci karo da ƙunshin a ƙarƙashin kujera. Allo mai ƙarafa, a naɗe cikin tsumma, a hanyar da ba a daɗe da daina tsoron nakiya ba. Aka zaunar da shi a rana tun hantsi har la'asar, fasinjoji suna ta harararsa, sai da aka kira wani soja mai kula da rediyonsu ya duba, ya yi dariya, ya ce ta kiɗa ce. Yana ba da labarin yana kallona, yana jiran godiya. Na yi godiyar, don ya cancance ta. Da na shiga ɗaki na cusa fuskata cikin matashin kai na yi ihu. Saura sati biyu biki.

Babanmu, wanda duk wannan lokacin bai sa baki ba, shi ya ce in je wajen wani abokinsa mai gyaran rediyo a tsohon gari, bayan babban masallaci. Tsoho ne da ya yi shekaru yana aikin wuta a Anu Araren kafin ya ajiye ya buɗe rumfa. Na je da ordinater, da koren allon, da gawar ƴar ƙaramar ta kasuwa. Shi ne mutum na farko da bai tambaye ni wa ya aiko ni ba. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce:

"Ɗiyata, mi da mi kike son saye?"

Na zayyana masa burina: kart son, da tabur na haɗa sauti mai faifai biyu irin na hoto, da manyan bafal biyu, da ampili mai ƙara musu ƙarfi, da mikoro marar waya.

"Biki nawa kika yi zuwa yanzu?"

"Ko ɗaya, Baba."

"To bafal da ampili haya za ki yi, masu su suna nan zaune ba aiki. Tabur ɗin nan ki manta da shi, yatsunki sun isa. Abu uku za ki saya: kart ta kirki, kask mai rufe kunne duka, da wayoyi masu kauri. Wayoyin nan da kike rainawa su ke kunyata mutum a gaban jama'a."

Raina bai so ba. Tabur ɗin nan shi nake gani in na rufe ido, ina tsaye a bayansa, mata suna kallo. Na fara yi masa gardama, ya bar ni ina magana ya shige ciki. Ya daɗe yana motsa kaya, sannan ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe, fentinsa ya koɗe, da kafofi huɗu ja da fari a baya da kafar kask a gaba. Ya ce ta wani mai gita ce da yake ɗaukar waƙoƙinsa yana sayar wa baƙi, da baƙi suka ƙare ya bar masa ita ya sayar, shi ya wuce Aljeriya neman aiki. Ta fi ta kasuwa tsada nesa ba kusa ba, amma ba ta kama ƙafar waɗanda na gani a intanet ba. Ya karɓi koren allon yayana ya rage mini wani abu, ya ce akwai mai babban ordinater da zai so shi. Ya kuma ce in je da ita in gwada kwana uku, in ba ta yi ba in dawo masa da abarsa. Kask ɗin ma shi ya raka ni muka zaɓa, ya ƙi duk masu sheƙi, ya ɗauki wani baƙi mummuna mai matse kai.

Na ɗauka na gama. Na soka ta, ordinater ya ce bai san ta ba. Ashe sai an sauko da wani ɗan shiri daga intanet, pilot suke ce masa, wanda zai gabatar da su ga juna. Yammaci uku na yi a siber a kan wannan. Intanet ɗin kamar ana tatsarsa, layin yana jan ciki a hankali, ya kusa kaiwa ƙarshe sai wuta ta ɗauke, ɗakin duka a yi salati. Ran na biyu ma haka. Mai siber har ya daina haɗa ido da ni. Ran na uku ya sauka. Na koma gida na sa kask, waƙa ɗaya a kunnena, wata daban a bafal ɗin maƙwabta, kowace tsaf, ba shuuu ba jinkiri. Na zauna ina murmushi ni kaɗai har innarmu ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Kwana huɗu kafin biki aka kawo manyan bafal biyu da ampili na haya a amalanke, don in gwada. Na jona komai, na kunna. Kafin in saki waƙa ma sai wani ƙugi ya cika tsakar gida, zuuuu, mai kauri, har cikin haƙora ake jinsa. Awakin kawu suka miƙe tsaye. Na canza waya, yana nan. Na canza kafa, yana nan. Mai bafal ya ce kart ɗina ce, yayana ya ce da na bar tasa da ba a yi haka ba, goggo ta ce ita dai ta riga ta gaya wa mutane. Cikin haushi na fizge sharjer daga bango, sai tsit. Na mayar, zuuuu. Na cire, tsit. To batirin ordinater ɗin nan minti ashirin yake yi in ya ji daɗi. Wato zaɓina biyu ne, ko biki na minti ashirin, ko biki da ƙugi.

Na koma wajen tsohon kamar zan yi kuka. Ya yi dariya har da tari. Ya ce dattin wutar sharjer ne ke bin waya ya shiga ampili, ya ga irinsa ba adadi. Ya jawo wata matacciyar rediyo, ya ciro wasu ƴan taransifo biyu kamar ƙwayar dabino, ya liƙa musu wayoyi da dalma, ya zaunar da su cikin robar ajiye sabulu, ya huda murfin. Ya ce sauti zai tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan, dattin kuwa ba shi da gada. Na ce Baba, robar sabulu zan ajiye a gaban mutane? Ya ce in lulluɓe ta da gyale. Ƙugin ya tafi. Ƙasan kiɗan ya ɗan rage nauyi, amma ni kaɗai na lura.

Saura takardar izini, don a lokacin ba a tara jama'a da bafal sai da ita. Na je da kaina. Mutumin da ke rubutawa ya tambayi sunan diji, na ce ni ce. Ya ɗaga kai ya ce ba mai biki yake tambaya ba, mai kiɗa. Na ce ni ce mai kiɗan. Ya tambayi ko ina da wa namiji, na ce ina da shi, sai ya rubuta sunan yayana ya buga hatimi. An ba mu daga azahar zuwa kiran magariba.

Ranar biki na shirya tun hantsi. Na sa ɗan tabur a inuwar katanga ta wajen madafa, inda nake ganin tsakar gidan duka. Na jera waƙoƙi kamar yadda na tsara tun sati guda: a fara da na gita masu sanyi lokacin da baƙi ke shigowa, a hau na Hausa, a ratsa da na Zabarmawa saboda dangin ango, sannan a rufe da na Abijan don ƴan mata. Kowace na san inda za ta shiga cikin ƴar'uwarta ba tare da an ji gaɓa ba. Sa'a ta farko ta tafi yadda nake so. Na haɗa waƙa biyu har ni kaina na ji tsigar jikina ta tashi. Na ɗaga kai in ga wa ya lura. Matan suna ta gaisawa da duba zanen juna.

Da aka kira la'asar na sa wata doguwar waƙa, na rataye kask a jikin kujera, na shiga ɗaki na yi salla. Na fito na tarar da ɗaya daga cikin awakin kawu ta tsinke igiya, tana tsaye a wajen tabur ɗina, wayar kask na reto a bakinta. Ta cinye kusan kamu guda. Ta dube ni tana taunawa. Ban san lokacin da na ɗaga takalmi ba, matar kawu ta riƙe hannuna tana cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, yunwa ce, ba ta san abin da take yi ba." Mi zan ce? Dabbar da ta kusa wata biyu tana cin kartan.

Haka na zauna, kafar kask ɗin da na yi wata biyu ina wahala a kanta tana nan wayam. Na koma sakin waƙa da ka, ina kallon layukan da ke fuskar ordinater ina addu'a. Sau biyu na yi karo, bugu ya hau kan bugu. Ba wadda ta waiga.

Can sai na saki wata ta gita da ake yayi a shekarar. Tsakar gida ta tashi gaba ɗaya, har tsofaffin da suka ce gwiwa ta hana su. Tana kusa da ƙarewa na fara shigo da ta gaba a hankali, yadda na koya. Goggo ta tsaya cak a tsakiyar fili ta juyo.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa ta? Mayar!"

"Goggo, ai ta ƙare."

"To ki sake ta daga farko. Kuma ki daina cusa wata cikin wata, kina ruɗa mana ƙafa. In ta ƙare ki bari ta ƙare, mu yi guɗa, mu sha ruwa."

Sau bakwai na sa waƙar nan. Na ƙirga ne saboda haushi. Duk lokacin da ta ƙare sai in tsaya, a yi guɗa, wata ta yi wa amarya kirari, sannan a ce in mayar. Na Abijan ɗin da na ɓata dare da rana ina tsarawa ko ɗaya ba a kai gare su ba, don ana cikin zagaye na bakwai wuta ta ɗauke. Bafal suka yi shiru, ordinater ya ci gaba da waƙarsa shi kaɗai ba mai ji. Kafin in miƙe in ce a yi haƙuri, matan Timia sun riga sun jawo turmi, sun ɗaure masa fata sun yayyafa ruwa, sun zauna sun fara tande. Aka yi da'ira ana tafi. Matar kawu ce ke bayarwa, sauran suna amsawa, kuma ban taɓa sanin tana da murya haka ba. Na rufe ordinater na zauna ina cika ina batsewa na ɗan lokaci. Daga baya wata ta ja ni cikin da'irar, na shiga. Wutar ba ta dawo ba sai bayan magariba, lokacin izininmu ya ƙare, mai bafal ma ya iso da amalankensa.

Da na je gaida amarya bayan kwana biyu na tambaye ta yadda ta ji kiɗan. Ta ce ita tana cikin ɗaki a lulluɓe, ba abin da take ji sai muryar goggo tana cewa a mayar.

Ran Litinin ina buro wata mata da ban sani ba ta shigo, na miƙa hannu in karɓi takardarta, ta ce ba bugu ta kawo ba. Ta ce tana wajen bikinmu, kuma ƙanwarta za ta yi suna ran Asabar. Mijin ƙanwar ba ya son namiji ya shigo masa gida da bafal, amma ya ce in mace ce ba laifi. Na ce mata kask ɗina ya lalace, sai na gyara. Ta ce minene kask? Na fara yi mata bayani, na ga idonta ya tafi wani wuri, sai na bari na tambaye ta unguwarsu da ƙarfe nawa za a fara. Ta ce gidan ba wuta, amma maƙwabcinsu yana da gurup, injin ba da wuta, sai dai yakan yi gardama kafin ya tashi. Na ce ta gaya masa ya gwada shi tun ran Juma'a, kuma in akwai dabbobi a gidan a ɗaure su nesa da inda zan zauna.